Harajin VAT da zaɓin aji shida a Ingila: makarantar gwamnati ko ta kuɗi?

Tun ranar 1 ga Janairun 2025 iyayen da ke da yara a makarantun kuɗi a Birtaniya suke biyan harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makaranta da na kwana. Kafin nan ilimi na cikin abubuwan da wannan haraji bai shafa ba. Sauyin ya taɓa firamare da sakandare baki ɗaya, amma akwai gaɓa guda da iyaye suka fi samun damar sake lissafi, wato lokacin da yaro ya kai shekara 16 ya gama jarrabawar GCSE. A nan ɗalibai da dama kan sauya makaranta ko da babu haraji. Wasu na barin makarantar kuɗi su koma ta gwamnati, wasu kuma iyayensu kan tattara abin da suke da shi su kai su ta kuɗi na shekara biyu kacal, da fatan sakamakon zai buɗe musu ƙofar jami'a.

Abin da ake nufi da aji shida

Abin da Turawan Ingila ke kira sixth form, wato aji shida, shi ne shekaru biyu na ƙarshe kafin jami'a, daga shekara 16 zuwa 18. Kada a haɗa shi da SS3 na Najeriya, domin yana gaba da shi. Waɗanda suka yi sakandare a Najeriya kafin tsarin 6-3-3-4 za su tuna da HSC, inda ɗalibi kan ƙara shekara biyu bayan aji biyar. Tsarin ke nan, kuma daga can aka kwaso shi. Abin da ya fi kama da shi a yau shi ne IJMB da JUPEB, masu kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye.

Yawancin ɗaliban wannan mataki A-level suke yi: darussa uku, wani lokaci huɗu, kuma makin yana farawa daga A* ya sauka zuwa E. Akwai wasu hanyoyin. BTEC ya karkata ga sana'a da aikin da ake tantancewa a hankali cikin shekara. T Level, da aka fara a 2020, yana haɗa aji da aƙalla kwana 45 na koyon aiki a kamfani. IB kuwa, wato tsarin jarrabawa na ƙasa da ƙasa, darussa shida ne, kuma an fi samunsa a makarantun kuɗi. Dokar Ingila ta wajabta wa matashi ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18, saboda haka zaman gida ba ya cikin zaɓin. Sikotland tana da nata tsarin jarrabawar daban, ko da yake harajin ya shafe ta.

A ɓangaren gwamnati karatun kyauta ne, kuma wuraren iri uku ne: aji shidan da ke cikin makarantar sakandare, kwalejin da ba ta karɓar kowa sai 'yan aji shida, da babbar kwalejin da ke haɗa A-level da darussan sana'a. A ɓangaren kuɗi akwai jeka-ka-dawo da ta kwana, sannan akwai ƙananan kwalejoji masu horar da ɗalibi don jarrabawa kawai.

Yadda harajin ya zo, da abin da kowane ɓangare ke cewa

Jam'iyyar Labour ta sa wannan haraji cikin alƙawuranta na zaɓen Yulin 2024, kuma Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta tabbatar da shi a kasafin 30 ga Oktoban shekarar. An toshe hanyar kauce masa tun da wuri: duk kuɗin da aka biya daga 29 ga Yulin 2024 domin zangon Janairun 2025 ko na bayansa, sai an biya masa haraji. A Afrilun 2025 aka ƙara da janye rangwamen harajin gine-gine da makarantun kuɗi masu rajistar ƙungiyar agaji ke samu a Ingila. A watan ne kuma kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15.

Hujjar gwamnati ita ce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na yaran ƙasar ne kawai ke makarantun kuɗi, don haka babu dalilin yafe musu harajin da ake biya a kan sauran hidimomi. Ta ƙiyasta cewa harajin zai riƙa kawo kimanin fam biliyan 1.7 a shekara zuwa ƙarshen wannan shekaru goma, ta kuma yi alƙawarin ɗaukar sababbin malamai 6,500 a makarantun gwamnati. Ta amince cewa wasu yara za su bar makarantun kuɗi, ta sa adadin a kusan 37,000 a tsawon lokaci.

Masu adawa, musamman ƙungiyar makarantun kuɗi ta ISC, sun ce ba attajirai harajin zai fi ƙuntata wa ba. Waɗanda abin zai fi shafa su ne iyayen da dama da kyar suke haɗa kuɗin, da masu yara masu buƙata ta musamman da ba su samu kulawa a makarantar gwamnati ba, da ƙananan makarantun addini na Musulmi da Yahudawa da Kirista waɗanda kuɗinsu 'yan dubban fam ne a shekara. Sun kuma yi kuka da fara harajin a tsakiyar shekarar karatu. An kai ƙara, amma a Yunin 2025 Babbar Kotu ta yi watsi da ita, tana cewa majalisa na da faɗin hurumi a sha'anin haraji.

A aikace ba kowace makaranta ce ta ɗora kashi 20 cif a kan iyaye ba. Da zarar makaranta ta shiga tsarin VAT, tana iya karɓo harajin da ita ma ta biya a kan sayayya da gine-gine, abin da ya sa gwamnati ta yi hasashen ƙarin zai tsaya a kusan kashi 10. Wasu sun shanye wani ɓangare, wasu irin su fitacciyar makarantar kwana ta Eton suka miƙa wa iyaye duka, kuɗin shekara ya kai kimanin fam 63,000. Alƙaluman ISC na Janairun 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin jeka-ka-dawo ya haura fam 22,000 a shekara idan aka haɗa da haraji da ƙarin da aka saba yi. Shekara biyu ke nan fam 44,000, ban da kayan makaranta, tafiye-tafiye da kuɗin rajistar jarrabawa, wanda makarantun kuɗi da yawa ke cajin iyaye daban. Kuɗin karatun jami'a ga ɗan ƙasa a Ingila fam 9,535 ne a shekarar 2025/26, wato digirin shekara uku bai kai fam 29,000 ba.

Me kuɗin ke saya?

Idan sakamako kawai aka kalla, makarantun kuɗi na gaba nesa ba kusa ba. A 2024 kusan rabin makin A-level da ɗalibansu suka samu a Ingila A ne ko A*, yayin da a makarantun gwamnati na gama-gari bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan tazara ce ake nuna wa iyaye a ranar buɗe ƙofa.

Sai dai alƙalumman ba sa faɗin waɗanne irin ɗalibai ne suka shiga. Makarantar kuɗi mai suna takan yi jarrabawar shiga da ganawa, ta kuma sa sharaɗin maki 7 ko 8 a GCSE, a ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 9. Kwalejin gwamnati ta gari kuwa takan karɓi mai darussa biyar da maki 4 ko 5. Wanda ya zaɓi 'yan gaban aji tun farko, ba abin mamaki ba ne ya fitar da 'yan gaban aji. Binciken da ke cire tasirin makin baya da arzikin gida yakan tarar tazarar ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɓace ba. Shi ya sa ma'aunin da ya fi amfani ga iyaye shi ne na ci gaba, wanda ke kwatanta inda ɗalibi ya fara da inda ya ƙare. Ma'aikatar ilimi na wallafa irin waɗannan bayanai makaranta-makaranta a shafinta na intanet.

Inda bambancin yake a fili shi ne abin da ake kashewa. Cibiyar nazarin kasafi ta IFS ta lissafa cewa a 2022/23 matsakaicin kuɗin makarantar kuɗi, bayan cire tallafi, ya kai kimanin fam 15,200, gwamnati kuma tana kashe kimanin fam 8,000 a kan kowane ɗalibi nata. Aji shida ne ma ya fi shan wuya a ɓangaren gwamnati: ainihin kuɗin da ake ba makaranta a kan ɗan shekara 16 ko 17 ya tsaya cak a fam 4,000 daga 2013 har zuwa 2020, kafin a fara ɗaga shi. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne kwalejojin gwamnati da ba su koma tsarin akademi ba, wato tsarin makarantun gwamnati masu cin gashin kansu, su ma suna biyan VAT a kan sayayyarsu ba tare da an mayar musu ba, kuma sun daɗe suna kuka a kai.

Ga yadda wannan ke bayyana a ranar Talata da safe. A makarantar kuɗi ɗalibar kemistri na iya zama cikin mutum takwas ko goma, malami ya duba aikinta a makon, idan ta yi fashin darasi a kira gida kafin azahar. Sa'o'in da babu darasi a ɗakin karatu take yin su ƙarƙashin idon malami. A babbar kwaleji ajin na iya kai mutum ashirin ko fiye, babu kayan makaranta, kuma idan darasinta na gaba sai ƙarfe biyu, ita za ta yanke ko laburare za ta shiga ko cikin gari. A gefe guda, wannan kwalejin mai ɗalibai dubu biyu ko uku tana iya koyar da darussa talatin ko arba'in, da malaman da ba su da wani aiki sai A-level, alhali ƙaramar makarantar kuɗi na iya soke darasi saboda mutum uku ne suka zaɓe shi.

Makarantun gwamnati ba jinsi ɗaya ba ne

Kwatanta "gwamnati" da "kuɗi" a dunƙule yana ɓoye abu mafi muhimmanci, domin tazarar da ke tsakanin makarantun gwamnati su kansu ta kai wadda ke tsakanin ɓangarorin biyu. Ingila na da makarantun grama 163 masu zaɓar ɗalibai da jarrabawa, kuma da yawansu na buɗe ƙofa ga 'yan waje a aji shida. Akwai tsofaffin kwalejoji irin su Hills Road a Cambridge da Peter Symonds a Winchester da suka shahara wajen tura ɗalibai manyan jami'o'i. Akwai makarantun lissafi na musamman da jami'o'i ke ɗaukar nauyi, kamar ta King's College a Landan da ta Exeter, dukansu an buɗe su a 2014. A gabashin Landan, unguwannin da baƙi da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, akwai London Academy of Excellence a Stratford da Brampton Manor a East Ham. A 2021 ɗaliban Brampton Manor 55 ne suka samu tayin gurbi a Oxford da Cambridge, na Eton kuwa 48.

To amma waɗannan kyauta ne ga wanda ya samu shiga kawai. Sharaɗinsu ya kai na makarantun kuɗi tsauri, masu nema sun ninka guraben, kuma sun taru ne a Landan da wasu 'yan birane. Iyalin da ke ƙaramin gari a bakin teku ko a karkara na iya tarar da kwaleji ɗaya tal a tazarar sa'a guda a bas. Ga irin wannan iyali tambayar ta sha bamban da ta mazaunin gabashin Landan.

Maganar jami'a

Akwai zancen da ya bazu tsakanin iyaye cewa manyan jami'o'i yanzu sun fi son 'yan makarantar gwamnati, don haka dabara ita ce yaro ya yi GCSE a makarantar kuɗi sannan ya koma ta gwamnati. Abin da ke gaskiya a ciki shi ne kason 'yan makarantun gwamnati ya ƙaru a cikin shekaru goma da suka wuce: kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasa da Oxford ke ɗauka, da kimanin kashi 70 a Cambridge. Duk da haka 'yan makarantun kuɗi na samun gurabe fiye da yawansu a cikin jama'a.

Dabarar sauya sheƙa kuwa ba ta cika yin aiki ba. Fom ɗin UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, yana nuna duk makarantun sakandaren da ɗalibi ya yi. Oxford na auna makin GCSE da irin sakamakon makarantar da aka yi jarrabawar a cikinta. Sassaucin maki da jami'o'i irin su Bristol ke yi, wanda kan kai mataki biyu ƙasa da abin da aka saba nema, ya dogara ne da abubuwa irin su unguwar da ɗalibi ke zaune, ko ya taɓa cin abincin makaranta kyauta, ko ya tashi a hannun hukuma, ko makarantarsa na cikin masu raunin sakamako. Shirye-shiryen bazara na gidauniyar Sutton Trust na neman wanda bai taɓa barin makarantar gwamnati ba. A 2024 ma Cambridge ta ce za ta daina sa wa kanta adadin 'yan makarantun gwamnati da take son cimmawa, ta koma duba halin da kowane ɗalibi ya fito.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Yarinyar da ta yi GCSE a makarantar gwamnati mai rauni ta samu maki masu kyau, idan aka mayar da ita ta kuɗi za ta iya rasa damar shiga wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye. Abin da za ta samu a madadi shi ne shiri: malamin da ya san jarrabawar UCAT ta masu neman likitanci, gwajin ganawa, da wanda zai tuna mata cewa masu neman Oxford, Cambridge ko likitanci ranar 15 ga Oktoba fom ɗinsu ke rufewa, wata uku kafin na saura. Makarantun gwamnati masu ƙarfi na yin duk wannan. Marasa ƙarfi ba sa yi, kuma iyaye na iya gane bambancin ta hanyar tambayar ɗalibai nawa suka tafi karatun da yaronsu ke so a shekaru uku da suka wuce. Wani binciken 2014 na HEFCE, hukumar da ke raba wa jami'o'in Ingila kuɗi a lokacin, ya kuma gano cewa idan ɗalibai biyu suka shiga jami'a da maki iri ɗaya, ɗan makarantar gwamnati ya fi yiwuwar fita da digiri mai daraja.

Shekara biyu da ba su cika biyu ba

Aji shida zango shida ne a takarda, amma na ƙarshe jarrabawa ce. Makin hasashen da malamai ke aika wa jami'o'i ana gina shi ne a kan aikin shekarar farko. Yaron da ya sauya makaranta ya ɗauki zango guda yana neman abokai da sabawa da malamai ya riga ya ci wani kaso na lokacin. Tun gyaran da aka fara a 2015, jarrabawar A-level a Ingila duk a ƙarshen shekara ta biyu ake yin ta, kuma hukumomin jarrabawa irin su AQA, OCR da Edexcel manhajarsu ta bambanta. Wanda kuɗi suka yanke wa iyayensa a tsakiya zai iya tarar da cewa sabuwar makaranta wani littafin adabi ko wani zamanin tarihi take koyarwa. Don haka lissafin kuɗin na shekara biyu ne gaba ɗaya, tare da ƙarin da za a yi a shekara ta biyu.

Akwai kuma bambancin doka. Makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi a ƙarshen shekarar farko don kawai makinsa ya yi ƙasa, batun da ya fito fili a 2017 bayan iyaye sun kai wata makarantar grama a kudancin Landan ƙara. A makarantar kuɗi yarjejeniyar da iyaye suka sa wa hannu ce ke aiki. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi na neman sanarwar zango guda cikakke kafin a cire yaro. Iyayen da suka jira sakamakon GCSE a watan Agusta kafin su sanar, sukan biya kuɗin zangon da yaron ba zai zauna ba.

Tallafi yana nan a ɓangarorin biyu. Makarantun kuɗi da dama na ware guraben aji shida ga masu ƙoƙari da iyayensu ba su da hali, bayan binciken kuɗin shiga da kadarorin gida, kuma neman yakan rufe tun kakar shekarar GCSE. A ɓangaren gwamnati akwai asusun tallafin 'yan 16 zuwa 19 na kuɗin mota da littattafai, wanda kan kai fam 1,200 a shekara ga waɗanda suka fi rauni. Ga yaro mai buƙata ta musamman, idan ƙaramar hukuma ce ta sa sunan makarantar kuɗi a takardar EHCP, wato tsarin ilimi, lafiya da kulawa da ake rubuta wa irin wannan yaro, kuma ita ke biya, harajin ba ya faɗo wa iyaye.

Iyalan da suka fito daga Najeriya da maƙwabta

Ga waɗannan, matsayin biza ne ke fara yanke hukunci. Yaron da ke zaune a Ingila tare da iyayensa masu bizar aiki, kamar likitoci da ma'aikatan jinya, yana da damar shiga makarantar gwamnati kyauta. Wanda za a turo daga Kano ko Abuja shi kaɗai da bizar ɗalibi yaro ba shi da wannan zaɓi, domin makarantun kuɗi ne kawai ke da lasisin ɗaukar nauyin irin wannan biza. Matsakaicin kuɗin makarantar kwana ya haura fam 40,000 a shekara tun kafin haraji. Idan ya kai fam 50,000, aka yi lissafi a kan naira 2,000 kowane fam, naira miliyan 100 ke nan a shekara, ban da jirgi da mai kula da yaron lokacin hutu. Wasu makarantun Ingila sun fara bin kasuwar zuwa gida: Charterhouse ta buɗe reshe a Legas a 2024, Rugby ta biyo baya a 2025.

Iyaye Musulmi kan tambayi abincin halal da wurin salla da yadda jadawalin Juma'a yake. Tsofaffin makarantun kwana da yawa coci ce ta kafa su, suna da taron ibada na mako-mako da darasi ranar Asabar, kuma kowace na da nata tsarin game da wanda ya nemi uzuri.

Abin da ya fi kama iyalai ba shiri shi ne kuɗin jami'a. Yin aji shida a Ingila, ko a makarantar gwamnati ne ko ta kuɗi, ba ya mayar da yaro ɗan gida a idon jami'a. A mafi yawan lokuta sai yana da izinin zama na dindindin, ya kuma yi shekara uku yana zaune a ƙasar ba don karatu kawai ba, kafin ya biya kuɗin 'yan gida ya kuma samu rancen ɗalibai. Iyalin da izinin dindindin ɗinsu ba zai fito ba sai bayan yaron ya gama aji shida za su fuskanci kuɗin ɗaliban ƙetare, wanda kan ninka na 'yan gida sau biyu ko uku, ya fi haka a likitanci, kuma daga aljihu za a biya shi.